Kafin Yaro Ya Bar Aji Ya Tafi Rami

Duk malamin da ke koyarwa a Gamu, ko a wani gari na yankin Gure, ya san yadda aji ke ramewa da zarar an gama girbi. Manyan yara maza, waɗanda suka kusa jarrabawa, su ne ke fara ɓacewa. In ka tambaya sai a ce maka wane ya yi arewa, wane ya bi yayansa wurin haƙar zinariya. Tun da aka gano zinariya a Jado a watan Afrilun 2014 wannan hanya ta buɗe, kuma rufe wurin da gwamnati ta yi a 2017 bai tsayar da tafiyar ba, sai dai ya sauya mata alƙibla.

Abin da muka saba yi, mu malamai da iyaye, shi ne faɗa da nasiha. Muna ce wa yaro ilimi gishirin zaman duniya ne, shi kuwa yana kallon sa'ansa da ya dawo da sabon babur da babbar waya. A gasar da ke tsakanin nasiha da babur, babur ne ke ci. Ni a ganina abin da zai iya tsayawa gaban babur shi ne lissafi. Mu daina ce wa yaro rami ba shi da kuɗi, domin ya san akwai. Mu koya masa ya tambayi abu uku: nawa ne zai rage a hannuna bayan kowa ya cire nasa, shekara nawa jikina zai ɗauki aikin, kuma me zan riƙe ranar da ramin ya ƙare?

Waɗannan tambayoyi ba sababbi ba ne. Mahaƙan jan ƙarfe sun amsa su da guminsu a nahiyoyi daban-daban, kuma an rubuta albashinsu da irin zamansu, har za mu iya karantawa a yau. Labarin nasu bai fara daga nesa ba. A ƙasarmu ya fara.

A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a garin Takadda, wanda masu binciken kufai ke ganin shi ne Azelik, a yankin Ingal na jihar Agadas. Ya tarar da gari mai arziki wanda ke rayuwa da jan ƙarfe da fatauci. Ana haƙo ƙarfen a bayan gari, a kawo shi gidaje a narka, a zuba shi sanduna-sanduna, wasu sirara wasu masu kauri. Sandunan nan su ne kuɗin garin. Masu kauri guda 400 ake bayarwa a kan misƙalin zinariya ɗaya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itacen girki, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Daga nan ayari ke ɗaukar ƙarfen zuwa Gobir da Barno.

To su wa ke zaune gaban wutar suna narkawa? Ibn Batuta ya faɗa: bayi ne, maza da mata. A duba wannan da kyau. Hannun da ke ƙera kuɗin garin ba shi da albashi ko na sanda ɗaya, kuma da kuɗin da ya ƙera ake sayo wani bawan irinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne darasi na farko, kuma shekaru kusan 700 ba su goge shi ba: tsadar abin da ke cikin ƙasa daban, ladan wanda ya tono shi daban.

Kakanninmu na wannan yanki sun san haka tun kafin zuwan Turawa. Da rani talakawa kan tafi kwarurrukan Muniyo da Mangari su yi aikin kanwa da mangul, amma ba su ke da kwarin ba. Masu sarauta ke da shi, kuma sai an fitar da rabonsu sannan mai aiki ya ga nasa.

Da zamanin manyan kamfanoni ya zo, bauta ta kau, albashi ya shigo, amma rabon bai daidaita ba. A garin Kananeya na ƙasar Meziko, wani kamfanin Amurkawa yana biyan ɗan ƙasa kimanin peso 3 a yini, alhali Ba'amurken da ke aiki iri ɗaya da shi yana karɓar fiye da haka nesa ba kusa ba. Ranar 1 ga Yunin 1906 ma'aikata suka shiga yajin aiki, suna neman peso 5 da aikin awa 8. Aka tsallako da mutane ɗauke da bindigogi daga Arizona, aka kashe fiye da mutum 20. A Amurka kanta, a jihar Mishigan, mahaƙan jan ƙarfe sun yi yajin aiki daga Yulin 1913 har Afrilun 1914, kuma cikin abin da suke nema akwai dalar Amurka 3 a yini da aikin awa 8. Da yawansu a gidajen kamfani suke zaune, saboda haka wanda ya rasa aiki yana iya rasa ɗakin kwana a rana ɗaya.

A nahiyarmu, misalin da ya fi fitowa fili shi ne na yankin jan ƙarfe na Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau. Wajajen 1940, baƙar fatar da ya fara aiki a ƙarƙashin ƙasa yana karɓar sule 22 da sisi bayan ya cika kwana 30 na aiki, sai awon abinci da ɗan ɗaki a barikin kamfani. Wannan kuɗi na wata guda bai wuce abin da Baturen mahaƙi ke samu a yini ɗaya ko biyu ba. A watan Mayun 1935, da aka ƙara wa ma'aikata haraji, suka ajiye aiki a Mufulira da Nkana da Luwanshiya, aka harbe mutum 6. A 1940 Turawa ma'aikata suka yi yajin aiki aka biya musu bukata. Da baƙaƙe suka bi sahu, sai aka buɗe musu wuta a Nkana, mutum 17 suka mutu.

Mu ma Hausawa muna da namu tabon, ko da yake na kuza ne. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa dubun-dubata daga lardunan Arewacin Najeriya ana kai su haƙa ala tilas, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Kuza ta yi daraja a duniya a shekarun nan, su kuwa masu tono ta sanyin Filato da yunwa da cuta suka riƙa kashe su.

Yanzu mu sa wannan a gefen abin da yaranmu ke tararwa a sansanin zinariya. A yawancin wurare yaro ba albashi yake karɓa ba, kaso ne. Akwai mai rami ko ubangida wanda ke kawo abinci da ruwa da kayan aiki. In an samu, shi zai fara cire abin da ya kashe, sannan ya ɗauki babban kaso, ragowar a raba wa ma'aikata. In ba a samu ba, watannin sun tafi a banza, wani lokaci har da bashin kuɗin mota. A cikin hamada komai da tsada, ruwan sha ma saye ake yi. Jikka ɗari a Jado ba jikka ɗari ba ce a kasuwar Gamu. Shi ya sa nake cewa kada a auna samun mahaƙi da sefa, a auna shi da tiyar gero nawa ta iso gida, a raba da yawan watannin da ya yi, har da watannin da bai samu komai ba. Sannan a gwada da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma sefa 42,000 a wata daga farkon 2024. Babur ɗin da ake gani na mutum ɗaya ne. Tara ɗin da suka dawo hannu rabbana ba sa zagaya gari suna nuna kansu, shi ya sa yaro ba ya ƙirga su.

Tambaya ta biyu ita ce ta jiki. Albashin mahaƙi yakan ɗara na manomi, amma akwai dalili: wani ɓangare na kuɗin, kuɗin lafiyarsa ne aka biya shi tun kafin ta tafi. Ƙurar dutse da mai haƙa ke shaƙa tana taruwa a huhu, ta mai da shi kamar busasshiyar fata, kuma ba ta da magani. Ga shi tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Cutar ba ta nuna kanta a shekarar farko. Sai mutum ya dawo gida, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, sannan a ga ya kasa riƙe hauya yana ɗan shekara 35. Mai rami ba ya nan a ranar. Matarsa da tsohonsa su ne za su biya.

Illar kuma ba ta tsayawa kan mai haƙa. A Riyo Tinto ta ƙasar Sifen, a watan Fabrairun 1888, mahaƙa da manoma suka fito tare suna kukan hayaƙin da ake yi wajen gasa tama a fili, hayaƙin da ke ƙona amfanin gona da ƙirjin mutane, sojoji suka harbe su. A Japan, dagwalon mahaƙar Ashiyo ya gurɓata kogin Watarase ya kashe gonakin shinkafa. Wanda ke ganin wannan labarin nesa ne, ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ya kuma tuna Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a watan Nuwamban 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. A ƙasar Cile, a 2010, mahaƙa 33 sun yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan mita 700, aka ciro su da rai domin gwamnati ta kawo manyan injuna duniya na kallo. Yaron da rami ya rufta da shi a dajinmu, da hannu da shebur abokansa za su tone shi.

Duk da haka ba zan ce mahaƙa sun dawwama cikin wahala ba, domin ba gaskiya ba ne. A wurare da dama rayuwarsu ta gyaru ƙwarai, kuma yadda ta gyaru shi ne abin da ya fi shafar malami. A Zambiya, a 1949, ma'aikata suka haɗa ƙungiyar ƙwadago guda ɗaya ta mahaƙa baƙar fata. A 1952 suka yi yajin aiki na mako uku cikin tsari, ba tare da an zub da jini ba, kuma aka ƙara musu albashi sosai. Ƙarfen bai canza ba, ramin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne ma'aikata sun zama tsintsiya mai maɗauri ɗaya, kuma sun samu shugabannin da za su zauna da kamfani su karanta takarda su yi lissafi. Shugaban ƙungiyar, Lawrence Katilungu, kafin ya shiga rami a Nkana malamin makaranta ne, daga baya ya zama tafinta. Ko a yajin 1935, takardun da aka rubuta da harshen Bemba suna cikin abin da ya kai kira daga bariki zuwa bariki. Ashe ko a cikin rami, alƙalami ne ya ɗaga farashin diga.

Wannan ita ce amsata ga yaron da ke cewa boko ba ta da amfani tunda zinariya zai nema. A kowace mahaƙa ta duniya akwai mai tono, akwai mai awo, akwai mai rubutawa, akwai mai gyaran inji, akwai mai saye. Wanda ya fi kowa wahala kuma ya fi kowa ƙarancin rabo shi ne wanda bai iya karanta sikeli ba. Yaron da ya bar aji kafin ya iya kasafi da kaso cikin ɗari, ya zaɓar wa kansa matsayi mafi ƙasa tun kafin ya hau mota.

Saura tambaya ta uku, wadda ba a cika yi ba sai lokaci ya ƙure. Ma'adini ba gero ba ne, ba ya sake tsirowa. Bayan samun ƴancin Zambiya a 1964, gwamnati ta karɓi kashi 51 cikin 100 na mahaƙun a 1969, kuma mahaƙin jan ƙarfe ya zama abin sha'awa a ƙasar: gida na kamfani, asibiti na kamfani, makarantar ƴaƴa ta kamfani. Sai farashin jan ƙarfe ya faɗi a 1975, ya daɗe bai tashi ba. Ma'aikatan da suka haura 60,000 a shekarun 1970 suka koma kusan 22,000 a shekarar 2000, lokacin da aka gama sayar da mahaƙun ga ƴan kasuwa. Wanda aka sallama ya rasa albashi da asibiti a lokaci guda. A Cile, garin Sewel da aka gina wa mahaƙa a kan dutse yau babu mazauna, sai ƴan yawon buɗe ido. Takadda da Ibn Batuta ya gani, yau kufai ce.

Ba sai mun je Zambiya ba. Kamfanin COMINAK ya fara fitar da yuraniyom a kusa da Arlit a 1978, ya raya garin Akokan, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikatansa na dindindin kusan 600 sun samu kuɗin sallama, amma ɗaruruwan da ke aiki ta hannun ƴan kwangila ba su samu irin wannan ba. Rami ɗaya, ƙura ɗaya, amma mai takardar aiki da marar takarda ba su fita ta ƙofa ɗaya ba. A watan Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da kamfanin SOMAIR hannun ƙasa. Cile ta yi irin wannan da jan ƙarfenta a 1971, Zambiya ma ta yi. Tarihin ƙasashen biyu ya nuna cewa mallakar rami mataki ne babba, amma abin da ke yanke hukunci shi ne inda aka zuba kuɗin a shekarun da farashi ke sama. Abin da ya hau kan ƙasa ya hau kan gida.

Na san abin da wani uba zai ce da ni: Malam, kai kana da albashi. Ni damina ta ƙi, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, ga masu digiri suna zaune a Damagaram ba aiki, in hana yaro tafiya mu ci me? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Kuɗin zinariya sun ciyar da gidaje a shekarun yunwa, sun yi rufin kwano, sun sayi awaki. Cin rani kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Ba cewa nake yi kada kowa ya tafi ba. Cewa nake yi a bambanta magidanci ɗan shekara 25 da ya tafi da niyya da wa'adi, da yaro ɗan shekara 14 da ya rage masa shekara ɗaya ko biyu ya yi jarrabawar BEPC. Na farko yana sayar da ƙarfinsa. Na biyu yana sayar da ƙarfinsa da huhunsa da duk abin da zai iya zama, kuma da araha. Dokar ƙasa ma ta hana sa yaro ƙasa da shekara 18 aiki mai haɗari, sai dai doka ba ta kwana a gidajenmu. Mu ne ke kwana.

Ga ƴan'uwana malamai, shawarata ita ce mu shigo da wannan magana cikin darasi maimakon mu bar ta a bakin tuta. A darasin lissafi, a ba yara aikin raba kaso: ga abin da aka samu, ga abin da ubangida ya cire, ga yawan ma'aikata, ga yawan watanni, nawa ya zo wa kowa a yini, kuma tiya nawa zai saya? A bar su su kawo farashin da kansu daga bakin yayyensu da suka dawo, su fitar da amsar da hannunsu. A darasin tarihi, a koya musu Takadda, domin abin takaici ne yaronmu ya haddace sunayen kogunan Turai bai san ƙasarsa ta taɓa ƙera kuɗin jan ƙarfe ba. A darasin kimiyya, a yi musu bayanin huhu da ƙura da zaiba da dalma. Kwamitin makaranta kuma ya nemi wani daga cikin waɗanda suka je suka dawo, ba mai babur kaɗai ba, ya zo ya faɗa wa yara gaskiyar abin da ya gani.

Ga iyaye kuwa, kafin a sa wa yaro albarkar tafiya, a zaunar da shi a yi masa tambayoyin nan uku a gaban wanda zai tafi da shi. Wa zai biya kuɗin mota, kuma bashi ne ko kyauta? Yaya rabon yake, kuma wa ya shaida? In ya yi ciwo wa zai dawo da shi? In wanda ya zo ɗaukarsa ya kasa amsawa, to ya riga ya amsa. In kuma babban ɗa ya tafi ya samo, kada kuɗin su ƙare a biki da waya. A mai da su abin da ke haihuwa: dabba, gona, sana'a, da karatun ƙannensa. Gidan da ya tura ɗa ɗaya rami domin sauran su zauna a aji ya yi ciniki mai zafi, amma ciniki ne. Gidan da ya tura su duka ya ci irin shukarsa.

Daga bayin Takadda zuwa mahaƙan Nkana, waɗanda suka tsira da wani abu su ne waɗanda suka iya karanta abin da aka rubuta a kansu, suka haɗa kai, suka kuma ajiye wani abu a wajen ramin. Zinariyar da ke ƙarƙashin Jado ta yi dubban shekaru tana jira, za ta iya ƙara jiran shekara biyu. Shekarun karatun yaro ne ba sa jira. Allah ya raya mana su, ya ba mu damina mai albarka.